Fom ɗin bindiga ɗaya da ya kai jihar Niyok gaban Kotun Ƙoli

Akwai wani mutum Robert Nash, mazaunin gundumar Rensselaer ne a jihar Niyok, ba cikin birnin nan mai dogayen benaye da muke gani a talabijin ba, can sama ne kusa da Albany inda gwamnatin jihar take, wajen ƙananan garuruwa da gonaki. A 2014 ya cike fom yana neman lasisin yawo da ƙaramar bindiga, fistol ɗin nan dai da ake sokewa a ƙugu a saki riga a kai ba mai gani. Bashi da tarihin laifi, shekarunsa sun kai, komai nasa tsaf. Aka bashi lasisi amma da sharaɗi a jiki, wai farauta da koyon harbi kawai, banda shiga da ita cikin jama'a. Ya haƙura har 2016, da aka fara yawan fashi a unguwarsu sai ya koma yace a cire masa sharaɗin nan, ga dalili. Jami'in bada lasisin, wanda a gundumarsu alƙali ne mai suna Richard McNally, ya zauna dashi ya saurare shi, ƙarshe yace a'a. Yace zai iya ɗaukarta in zai shiga daji kamun kifi ko yawon tsaunuka ko kwana a tanti, amma duk wani wuri da mutane suka saba zirga-zirga kada ya kuskura.

Na biyunsu Brandon Koch, shima ɗan gundumar ne, shima irin lasisin gareshi tun 2008. A 2017 ya nemi a sake masa mara, hujjarsa ita ce ya daɗe yana riƙe bindiga ya san kanta ciki da bai. Shima aka hana shi, sai ɗan sassauci ɗaya da aka yi masa, an yarda ya ɗauke ta daga gida zuwa wajen aiki da dawowa. Shikenan. Abin da ya faru kenan, ba wanda aka harba ba wanda aka kama, mutum biyu ne kawai da takarda a hannu wadda bata yi musu yadda suke so ba, amma allurar nan ce ta tono garma har ta sauya dokar bindiga a Amurka gaba ɗaya.

To me yasa aka hana su? Dokar Niyok a lokacin cewa tayi kafin a baka lasisin ɓoye bindiga a jiki sai ka kai shekara 21, sai an tabbatar kana da halin kirki, ba laifi babba, ba taɓin hankali, sannan kuma, nan ake yinta, sai ka nuna ƙwaƙƙwaran dalili. Dokar bata faɗi menene ƙwaƙƙwaran dalilin ba, kotunan jihar ne suka fassara shi da cewa sai ka nuna kana da wata buƙata ta kare kai wadda ta bambanta da ta sauran jama'a. Wato in kace unguwarmu akwai ɓarayi, sai ace ai ba kai kaɗai ke unguwar ba, kowa na cikinta. In kace ina tashi aiki cikin dare, ace dubun dubata ma haka suke tashi. Sai dai ka kawo shaidar cewa kai ɗin nan da sunanka ake farauta, an aiko maka barazana ko an taɓa kai maka hari. Ni dai duk sanda na karanta wannan sharaɗin abin da ke zuwa min a rai shine ihu bayan hari, dan wanda ake son kashewa da gaske ba kasafai ake aiko masa wasiƙa ba.

Dokar fa ba sabuwa bace. Tun 1911 aka yi ta, ana ce mata dokar Sullivan, sunan wani ɗan majalisar jiha Timothy Sullivan, babban ɗan siyasar Manhattan (wani yanki na birnin Niyok) na zamanin. A farkon shekarar wani ya harbe marubuci David Graham Phillips da rana tsaka kusa da Gramercy Park sannan ya harbe kansa, gari ya ɗauka, aka ce dole a yi wani abu akan fistol. A 1913 aka ƙara maganar ƙwaƙƙwaran dalilin. Kaga kenan sama da shekara ɗari tana aiki kafin Nash ya cike nasa fom ɗin. Kuma tun farkonta akwai ƙorafin cewa akan baƙin haure take sauka, mutumin da ake cewa shi aka fara ɗaurewa da ita ma wani ɗan Italiya ne Marino Rossi, shekara ɗaya aka yanke masa.

Abin da ya fi jan hankalina a lamarin nan ba bindigar bace wallahi, ganin damar ce. Duk inda doka tace jami'i zai iya bayarwa in ya gamsu, bata ce dole ya bayar in an cika sharuɗɗa ba, to ka tabbata an buɗe ƙofar alfarma, kuma mu mun san wannan ba sai an yi mana dogon bayani ba. A jihar ta Niyok a wancan lokacin abin ya danganta da inda kake zaune da kuma wanda fom ɗinka ya faɗa hannunsa. A wasu gundumomin karkara alƙalin mai sauƙin kai ne ya sa maka hannu ba tambaya, ka tsallaka gunduma ta gaba kuma wani alƙalin ko kusa. A cikin birnin kuwa rundunar 'yan sanda ce ke bayarwa ta wani sashe na lasisi, kuma sananne ne talaka baya ganin wannan takardar. Masu samu sune tsoffin 'yan sanda, masu gadi, 'yan kasuwar da ke ɗaukar tsabar kuɗi ko gwala-gwalai, sai masu hannu da shuni da fitattun mutane. Donald Trump da bakinsa ya faɗa yana da irin lasisin tun kafin ya zama shugaban ƙasa. Mutumin da ke da masu gadi ya samu, mai wanke-wanke a gidan abinci da ke taka sayyada zuwa gida ƙarfe biyun dare bai samu ba.

Kuma da yake sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, dillalai suka fito. A 2016, shekarar da aka hana Nash ɗin nan, masu gabatar da ƙara na tarayya suka kama wani ɗan Brooklyn Alex Lichtenstein wanda sana'arsa kenan samo wa mutane lasisi, yana karɓar har dala 18,000 a hannun mutum ɗaya yana cusa wa 'yan sandan sashen nasu kason. An naɗi muryarsa yana yiwa wani ɗan sanda tayin dala 6,000 kan kowane lasisi, yana alfaharin ya fitar da guda 150. Ya amsa laifi, a 2017 aka ɗaure shi wata 32, wasu 'yan sandan sashen ma suka amsa nasu. Wasu daga cikin waɗanda suka samu takardar ta wannan hanyar ma suna da tarihin da bai kamata a basu ba. To kaga dokar da aka yi dan tace mutanen banza, ta koma mai kuɗi ko mai uwa a gindin murhu ya wuce, mai bin layi ya ƙare a layi.

A ɗaya gefen kuma hukuncin wanda aka kama ba lasisi ba wasa bane. A Niyok in aka kama ka da bindiga mai harsashi a waje ba takarda, mafi ƙarancin ɗaurin da dokar ta tanada shekara uku da rabi ne. Ɗan wasan ƙwallon Amurka Plaxico Burress na ƙungiyar Giants ya ɗanɗana, a 2008 bindigarsa ta tashi a wandonsa cikin wani gidan rawa a Manhattan ya harbi cinyarsa da kansa, lasisin da yake dashi na Filorida ne kuma ya ƙare, ya sasanta da masu ƙara aka yanke masa shekara biyu. Wannan mai kuɗi da lauyoyi kenan fa. Shi yasa wani abin mamaki ya faru da shari'ar ta isa Kotun Ƙoli: lauyoyin da ke kare talakawa kyauta a Bronx da Brooklyn, da ƙungiyar baƙaƙen lauyoyi ta Legal Aid, mutanen da a siyasa ko ga maciji basa yi da ƙungiyoyin bindiga, suka rubuto takarda suna goyon bayan su Nash. Suka ce kusan duk waɗanda suke karewa kan laifin bindiga baƙaƙe ne da 'yan Latino, suka kawo alƙaluma cewa a 2020 baƙar fata kashi 18 ne cikin ɗari na mutanen jihar amma su ne kashi 78 na manyan tuhume-tuhumen mallakar bindiga. Maganarsu ita ce an rufe wa mutum ƙofar halal sannan an tsaya ana jiransa a ta haram. Abin ya tuna min Martin Luther King, a 1956 bayan an jefa bom gidansa a Montgomery ya nemi izinin ɗaukar bindiga a Alabama, hukuma ta hana shi. In mutumin da aka yiwa bom a gida bashi da ƙwaƙƙwaran dalili to waye ke dashi.

Amma kada na yiwa jihar rashin adalci, suma suna da magana mai nauyi. Birni ne na mutum sama da miliyan takwas, jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa a cunkushe kafaɗa da kafaɗa, ka ɗauka a tarago ɗaya mutum goma kowa da fistol a ƙugu sai gardama ta ɓarke kan an taka wani. Suka ce yawan bindiga a titi yana maida zagi ya zama gawa, kuma ɗan sanda baya iya gane na kirki da na banza in kowa na ɗauke. Akwai bincike da ke bayansu, na John Donohue na jami'ar Stanford da abokan aikinsa, da ya nuna jihohin da suka sassauta bada lasisi laifukan tashin hankali sun ƙaru da wajen kashi 13 zuwa 15 bayan shekara goma fiye da yadda da zasu kasance. Masu ɗaya ra'ayin kuma suna riƙe da wani mai bincike John Lott wanda tun shekarun 1990 yake cewa akasin haka ne. Ni nafi karkata ga cewa yawan makami a hannu ba alheri bane, ban ɓoye ba. Sai dai tambayar da ke gaban kotu ba ita ce bindiga na da kyau ko bata da kyau ba.

Tambayar ita ce gyaran fuska na biyu na kundin tsarin mulkinsu, wanda aka amince dashi a 1791, da yace kada a tauye 'yancin jama'a na ajiye makami da ɗaukarsa. A 2008 a shari'ar Heller Kotun Ƙoli tace wannan 'yanci ne na kowane mutum a karan kansa, ba sai yana cikin dakarun sa kai ba, amma maganar ta tsaya ne akan bindiga a cikin gida. A 2010 a shari'ar McDonald da birnin Chicago aka ce jihohi ma dole su bi. Sai aka bar tambayar waje a buɗe, in ka taka ƙofar gida fa? Shekaru kotun na kauce mata.

Nash da Koch, tare da ƙungiyar masu bindiga ta jihar wadda reshe ce ta NRA, babbar ƙungiyar kare 'yancin riƙe bindiga ta Amurka, suka shigar da ƙara a 2018 a kotun tarayya. Sun san zasu faɗi a ƙasa, dan tun 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta yankin ta riga ta wanke dokar a shari'ar Kachalsky. Haka kuwa akayi, kotun farko tayi watsi, ta ɗaukaka ƙara ma a 2020 ta tabbatar. Sama suke nema dama. Sai ƙaddara ta shigo, a Satumbar 2020 alƙaliya Ruth Bader Ginsburg ta rasu, Trump ya naɗa Amy Coney Barrett a gurbinta, masu ra'ayin riƙau suka zama shida cikin tara. A Afrilun 2021 kotun tace ta karɓi shari'ar. Shari'ar Bruen ake ce mata, sunan kuwa na Kevin Bruen ne, shugaban 'yan sandan jihar a lokacin, shi ba abin da yayi, kujerar ce aka kai ƙara, kafin shi ma sunayen waɗanda suka gabace shi ne a kan takardun.

Ranar 3 ga Nuwamba 2021 aka yi zaman. Paul Clement ne lauyan masu ƙara, Barbara Underwood ta tsaya wa jihar. Inda na fi so a zaman shine sanda alƙali Samuel Alito ya tambaye ta akan mutanen da ke aikin dare a Manhattan, masu sharar ofisoshi, masu gadin ƙofa, nas-nas, masu wanke kwanuka, waɗanda zasu tashi tsakar dare su hau jirgi ko bas su sauka su taka ta unguwa mai hatsari, yace waɗannan basa samun lasisi ko? Ta amsa cewa in dai ba wata barazana ta musamman a kansu to gaskiya ne basa samu. Daga nan kowa ya san inda aka dosa. Amma su kansu alƙalan masu rinjayen sun nuna fargaba, John Roberts yana tambayar filin ƙwallo fa, jami'a fa, wurin shan giya fa, Barrett ta kawo dandalin Times Square a daren sabuwar shekara. Ka riƙe wannan, zai dawo.

Hukunci ya fito ranar 23 ga Yuni 2022, kuma lokacin bai yi daɗi ba ko kaɗan. Ranar 14 ga Mayu wani matashi ya kashe baƙaƙen fata goma a kantin Tops da ke Buffalo cikin jihar ta Niyok, bayan kwana goma aka kashe yara 19 da malamai biyu a makarantar Uvalde a Texas. Cikin wannan zaman makokin kotu tace shida da uku, sharaɗin ƙwaƙƙwaran dalili ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Alƙali Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin, kuma gundarin maganarsa shine ba wani 'yanci a kundin da sai ka je ka gamsar da jami'in gwamnati kana da buƙata ta musamman kafin ka more shi, ba a yiwa mai son magana haka, ba a yiwa mai son ibada haka. Ya lissafa cewa jihohi 43 tsarinsu na dole ne, ka cika sharuɗɗa a baka, guda shida ne kawai ke kan ganin dama: Niyok, Kalifoniya, Hawaii, Maryland, Massachusetts da New Jersey, sai birnin Washinton da kotu ta riga ta dakatar da nasa tun 2017. Brett Kavanaugh da Roberts suka ƙara bayani cewa a kula, ba a soke lasisi ba, jiha na iya neman zanen yatsu, binciken tarihi, duba lafiyar ƙwaƙwalwa da horo, abin da aka soke shine jami'i yace ban gamsu ba. Alƙalai uku, Stephen Breyer da Sonia Sotomayor da Elena Kagan, suka ƙi, Breyer ya buɗe nasa rubutun da cewa a 2020 kaɗai bindiga ta kashe Amurkawa 45,222.

Har nan ina tare da hukuncin. Inda muka raba gari da Thomas shine ma'aunin da ya kafa. Yace daga yau duk dokar bindiga sai gwamnati ta nuna tana da tushe a tarihin ƙasar, wato a samo makamanciyarta a wajejen 1791 ko zuwa 1868, ba ruwan alƙali da auna amfanin doka da illarta a yau. Sai aka shiga tone-tone har da wata dokar Ingila ta Northampton ta 1328, zamanin takobi da mashi. Haba dan Allah. Mutanen da bindigarsu irin ta toka ce, a ɗura a harba sau ɗaya a sake ɗurawa, su ne zasu yanke yadda za'a yi da fistol mai cin harsashi goma sha bakwai a cikin jirgin ƙasa? Wani alƙalin tarayya a Mississippi, Carlton Reeves, ya fito fili yayi ƙorafin cewa su fa ba masana tarihi bane, har yana tambayar ko ya ɗauko masanin tarihi ya taya shi. Aka yi ta samun hukunce-hukunce masu karo da juna, har wata kotun ɗaukaka ƙara tace dokar da ta hana bindiga ga mutumin da kotu ta yiwa iyaka da matarsa ko budurwarsa saboda duka bata da tushe a tarihi. Sai da Kotun Ƙoli ta dawo a Yunin 2024 a shari'ar Rahimi tace a'a ba haka muke nufi ba, ba sai an samo tagwayen dokar ba, kama ta wadatar. Takwas da ɗaya aka yi, kuma ɗayan nan da ya ƙi Thomas ne da kansa.

To su Nash sun ci shari'a, sai me? A Maryland gwamna Larry Hogan cikin kwanaki ya umarci 'yan sanda su daina neman dalili, fom suka yi ta kwarara. Niyok kuwa gwamna Kathy Hochul kiran majalisa tayi zaman gaggawa, ranar 1 ga Yuli, kwana takwas kacal bayan hukunci, ta sa hannu a sabuwar doka da ta fara aiki 1 ga Satumba. An cire ƙwaƙƙwaran dalili kamar yadda kotu tace, amma ka ji abin da aka zuba a madadinsa. Sai kayi awa 16 a aji da awa biyu na harbi a fili ka ci jarrabawa, ka kawo mutum huɗu da zasu tsaya maka shaidar hali, ka zauna ido da ido da jami'i, ka bada sunan matarka ko mijinki da manyan da kuke gida ɗaya, ka bada jerin shafukanka na sada zumunta na shekara uku baya a duba me kake rubutawa, kuma duk shekara uku ka sabunta. A cikin birni kuɗin fom kaɗai dala 340 ne banda na zanen yatsu banda na malamin horo. Sannan in ka samu, sai a miƙo maka jerin wuraren da baza ka shiga da ita ba: jirgin ƙasa, bas, makarantu, asibitoci, wuraren shaƙatawa, gidajen kallo, duk inda ake shan giya, wajen zanga-zanga, coci da masallaci, da Times Square ɗin nan da Barrett ta ambata, har alluna aka kafa a can. Suka ƙara da cewa shago ko kowane gini na wani haramun ne ka shiga da ita sai in mai wurin ya manna takarda yace ya yarda. Kaga sun ɗauki fargabar da alƙalan suka nuna a zaman sun maida ita doka kenan, an baka da dama an karɓe da hagu. Duk da Thomas ya riga ya gargaɗe su cewa baza a ce Manhattan gaba ɗaya wuri ne na musamman ba dan kawai akwai cunkoso, kuma ya bar ƙofa a buɗe ga duk wanda aka ja wa rai da dogon jira ko tsadar kuɗi ya dawo kotu.

Aka koma kotu kuwa. Wani alƙalin tarayya a Syracuse, Glenn Suddaby, ya dakatar da kaso mai yawa na dokar a ƙarshen 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta ɗage dakatarwar, a Disambar 2023 ta yanke cewa yawancin dokar na nan daram, ta sake tabbatarwa a Oktoban 2024 bayan Rahimi. Abin da ya faɗi shine maganar bada shafukan sada zumunta, da kuma haramcin shiga shaguna da wuraren kasuwanci da ke buɗe ga kowa. Na wuraren ibada majalisa da kanta ta sassauta a 2023 ta yarda masu tsaron wurin su riƙe. Sharaɗin halin kirki ya tsira, kuma in ka duba da kyau wannan ma ai wata ƙaramar ganin dama ce ta dawo ta taga.

Sauran ƙasar kuma gaba tayi ta ɗaya ɓangaren. Zuwa 2024 jihohi 29 ne basa ma buƙatar lasisi sam, in doka bata hana ka mallaka ba ka soke abarka ka fita, Vermont dama bata taɓa nema ba tun asali, Alaska ta bi a 2003, Arizona a 2010, Texas a 2021. Wannan ya sa taswirar ta zama tarko ga matafiyi. Shaneen Allen, wata mai yara biyu daga Philadelphia, tana da lasisin Pennsylvania na halal, a 2013 ta tsallaka New Jersey aka tare ta kan laifin tuƙi, da bakinta ta gaya wa ɗan sandan akwai bindiga a jakarta ga takarda, aka kama ta, saura ƙiris ta tafi shekaru, daga baya gwamna Chris Christie ya yafe mata a 2015. Philando Castile shi bai samu wannan ba. Yulin 2016 a Minnesota, da lasisinsa, aka tare motarsa, cikin ladabi ya shaida wa ɗan sandan yana ɗauke da bindiga, cikin daƙiƙoƙi aka ɗirka masa harsasai gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama a kujerar baya, kuma kotu ta wanke ɗan sandan a 2017. Duk wanda ke ganin takardar nan laya ce ya tuna da wannan bawan Allah.

Ga 'yan uwa da ke zaune a Bronx da Harlem, dan akwai namu da yawa can 'yan Ghana da Nijar da Najeriya masu tasi da shaguna, akwai wani shingen ma kafin na jiha. Dokar tarayya ta hana wanda bashi da takardun zama taɓa bindiga kwata-kwata, mai bizar ziyara ko ta karatu shima an hana shi sai 'yan keɓance-keɓance kamar mai lasisin farauta, mai katin zaman dindindin ne ke da damar nema. Kuma laifin bindiga na cikin waɗanda ke sa a tasa ƙeyar mutum gida ko da yana da katin.

Wani abu da ban manta ba, a makon da hukuncin nan ya fito, kwana biyu ko uku tsakani, gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta fito tace jama'a su nemi bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga, har aka ce za'a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. Nan take 'yan sanda suka ce su basu ɗage dakatar da bada lasisi ba, babban hafsan tsaro na lokacin Lucky Irabor yace gwamna bashi da wannan hurumin. A dokar makamai ta Najeriya fistol ma na cikin ajin da sai da izinin shugaban ƙasa, mai harbi-ruga ce kwamishinan 'yan sanda ke iya sa wa hannu. Tambaya ɗaya ce a wuri biyu, wa zai yanke cewa tsoronka ya isa, sai dai can akwai layi a kundi da mutum zai riƙe ya tafi kotu, nan babu.

Shi kuwa Nash, yanzu doka bata yarda wani alƙali ya sake tambayarsa me zai yi da ita ba. Amma lasisin da aka bayar a Rensselaer baya aiki a cikin birnin Niyok sai an nemi wani izinin daban a hannun 'yan sandan birnin, kuma ko ya samo wannan ɗin, mai wanke kwanukan da Alito ya kawo misali dashi, wanda jirgin ƙasa ne hanyarsa ta komawa gida ƙarfe biyun dare, har yau in ya sauka matakalar tashar da fistol a ƙugu babban laifi ya aikata, da lasisin nasa a aljihu.